Zane, gini da ibada: tambayoyi da amsoshi kan alaƙar fasaha da ruhin ɗan Adam

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan dawowa duk sanda aka taɓo maganar zane da gini da ado da yadda suke taɓa zuciya. Wasu amsarsu gajera ce, wasu kuma dole na ɗan ja don maganar tana da faɗi.

Wai me ma ya haɗa zane da ibada? Ni a ganina wannan aikin hannu ne, wancan kuma aikin zuciya.

Abin da ya haɗa su shi ne hankali, inda mutum ya ajiye hankalinsa. Mai ibada babban faman da yake yi shi ne ya tattara hankalinsa wuri ɗaya kar ya watse, shi kuma mai zane ko mai tsara gini ai sana'arsa kenan gaba ɗaya, ya san inda idonka zai fara sauka da inda zai bi da inda zai tsaya. Kaga ashe gona ɗaya suke nomawa. Ka shiga gini mai dogon rufi, ba wanda ya ce maka uffan amma sai ka ji ka rage murya ka ɗaga kai sama, toh wani ne ya zauna ya lissafa wannan tun kafin a aza tubalin farko.

Kuma abun ba yau ya fara ba. A kudancin Turkiyya akwai wani wuri Gobekli Tepe, manyan ginshiƙan dutse ne da aka sassaƙa musu siffofin dabbobi, sun haura shekara 11,000, tun ba a san rubutu ba, tun ma mutanen yankin ba su fara gina tukunyar ƙasa ba. Yawancin masu binciken wurin suna ganin wajen taro ne na bauta. Mutanen da ko ƙarfe ba su da shi suka zuba wannan wahala a kan abin da ba ci ba ne ba sha ba, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka yadda abin yake a jinin ɗan Adam.

Addini ya yarda da son kyau kuwa, ko duk ƙawar duniya ce kawai?

Ya yarda mana, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin nan shi ne zuciyar maganar gaba ɗaya don haka bari na tsaya a nan sosai.

A Sahihu Muslim, da Annabi (SAW) ya yi gargaɗi kan girman kai sai wani mutum ya ce toh ai mutum yana son tufarsa ta yi kyau takalminsa ya yi kyau, sai aka amsa masa cewa Allah mai kyau ne kuma yana son kyau, girman kai kuwa shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. A wani hadisin kuma an ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai. A wajen Yahudawa da Kirista ma, littafin Fitowa sura ta 31 ya ambaci wani mai sana'a Bezalel da aka ce an cika shi da hikima da gwaninta don ya yi aikin zinariya da azurfa da sassaƙa na alfarwar sujada. Kaga gwanintar hannu an ɗauke ta baiwa ce daga Allah.

Amma ga ɗaya ɓangaren. Nana A'isha ta ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi sallah da wani mayafi mai zane, da ya idar sai ya ce a mayar wa Abu Jahm da shi a kawo masa wani mara ado, domin zanen ya ɗauke masa hankali a sallah. Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. Sayyidina Umar ma da zai gyara masallacin Madina cewa ya yi da magini ya kare mutane daga ruwan sama, kar ya sa ja ko rawaya ya fitini mutane. Kuma ba Musulmi kaɗai suka ji wannan tsoron ba, a wajen shekarar 1125 wani babban malamin Kirista a Faransa, Bernard na Clairvaux, ya yi rubutu mai zafi yana sukar sassaƙe-sassaƙen dodanni da aka cika gidajen ibada da su, yana cewa masu ibada sun koma kallon dutse sun bar karatun littafi.

Toh ni abin da na fahimta daga haɗa waɗannan, ma'aunin guda ɗaya ne: adon nan tattara maka hankali yake yi ya miƙa shi ga wanda kake bauta wa, ko kuwa kama hankalin yake ya riƙe a wajensa? Duka biyun kyau ne a ido, amma na farkon hidima yake yi, na biyun kuma gasa yake da sallarka.

Me ya sa aikin Musulmi ya fi karkata ga rubutu da zanen lissafi, ba a cika ganin hoton mutum ba?

Asalin abun hani ne kan sura mai rai, musamman a wajen ibada, saboda tsoron komawa bautar gumaka. Wani mai sana'ar zane ya zo wajen Ibn Abbas ya ce da wannan yake ci, sai ya ce masa in dai dole ne ya zana bishiya da abin da ba shi da rai. Malamai sun yi saɓani sosai kan rassan mas'alar, kuma a fadojin sarakuna da littattafan tarihi na Farisa da Indiya an zana mutane da yawa, amma masallaci da Alƙur'ani an tsare su.

Abin da yake burge ni shi ne yadda wannan iyaka ta haifi wata irin gwaninta da duniya ba ta taɓa gani ba. Babban masallacin Dimashƙa da Halifa Walid ya gina a wajen 715, bangonsa cike yake da hoton bishiyoyi da koguna da gidaje da aka jera da ƙananan gutsattsarin gilas masu ruwan zinariya, amma ko mutum ɗaya ko tsuntsu babu a ciki. Ƙubbatus Sakhra a Ƙudus, da aka gama a wajen 691, tana da rubutu da ya zagaye cikinta tsawon kusan mita 240. Daga baya a Bagadaza aka samu Ibn Muƙla, wanda ya rasu a 940, waziri ne da ya yi wa halifofi uku aiki kuma rikicin siyasa ya kai har aka yanke masa hannun dama, shi ne ya kafa wa haruffa ma'auni: ɗigon bakin alƙalami shi ne awo, tsawon alif ɗigo kaza ne, sannan sauran haruffa duk a auna su da da'irar da alif ɗin ya raba biyu. Wato ko harafi ɗaya ba a barinsa ya tafi yadda ya ga dama, don maganar da yake ɗauke da ita mai girma ce.

Shi kuma zanen lissafi, taurari masu kusurwa 8 da 10 da 12 da suke sarƙe da juna, in ka bi layi ɗaya da ido ba za ka samu farkonsa ko ƙarshensa ba, gefen bango ne kawai ya yanke shi, da bangon zai ci gaba da shi ma ya ci gaba. Masu sharhi da yawa suna ganin ishara ce ga Wanda ba shi da farko ba shi da ƙarshe, ni ma zuciyata ta kwanta da wannan. Kuma lissafin ba na wasa ba ne fa. A 2007 wasu masana kimiyya biyu a Amurka, Peter Lu da Paul Steinhardt, suka nuna cewa adon hubbaren Darbi Imam na Isfahan, ginin 1453, ya kusa cika irin tsarin nan da ba ya maimaita kansa wanda sai a shekarun 1970 Roger Penrose ya fito da shi a lissafin zamani. Shi ma Escher, mai zanen nan ɗan ƙasar Holan, ziyarar da ya kai fadar Alhamra ta Andalus a 1922 da 1936 ita ta juya masa aikinsa gaba ɗaya.

Su Kirista fa, ba su taɓa samun matsala da hotuna ba?

Sun samu, babba ma. A daular Rumawa ta gabas an shafe sama da shekara 100 ana rikici, daga wajen 726 sarakuna suka fara sa a cire hotunan ibada, taron malaman coci na Nikiya a 787 ya dawo da su, aka sake hanawa, sai a 843 maganar ta zauna. Masu goyon baya hujjarsu ita ce girmamawar da aka yi wa hoto wucewa take zuwa ga wanda aka zana, masu adawa kuma suka ce talaka ba zai bambance ba. A 1566 ma an sake fasa gumaka da hotuna a coci-coci na ƙasar Holan, shi ya sa har yau zaka shiga wata cocin ka ga bango fari fat, wata kuma ko'ina hoto.

Me ya sa kullum in ana maganar ginin ibada sai an kawo haske?

Saboda haske shi ne abin da da shi ake ganin komai amma shi ba a kama shi da hannu, kuma addinai da yawa da shi suke misali. A Alƙur'ani akwai Ayatun Nur a sura ta 24, kuma masu yin fitilun gilas na masallatan Misira zamanin Mamluk ita suke rubutawa a jikin fitilar, in aka kunna sai hasken ya biyo ta tsakanin haruffan ayar da take maganar haske. Wallahi duk wanda ya fara tunanin wannan ya iya tunani.

Magina kuma kowa da dabararsa. Aya Sofiya ta Istanbul, ginin 537, an jera tagogi 40 a gindin ƙubbarta, hasken da yake shigowa sai ya ɓoye inda ƙubbar ta zauna, har marubucin zamanin Prokopiyus ya ce kamar daga sama aka rataye ta da sarƙar zinariya. A Faransa wani shugaban gidan ibada mai suna Suger ya sake gina sashen gabas na cocin Saint-Denis aka buɗe a 1144, aka rage kaurin bango aka cika shi da gilas mai kala, daga nan salon manyan coci-cocin Turai masu dogayen tagogi ya bazu. Mimar Sinan kuwa, babban maginin daular Usmaniyya, yana da shekara sama da 80 ya gama masallacin Selimiye a Edirne ta Turkiyya a wajen 1575, ya ɗora ƙubba mai faɗin kusan mita 31 a kan ginshiƙai 8 da ya tura su gefe, don tsakiyar ta zama fili ɗaya a buɗe, duk inda ka tsaya kana ganin mihirabi.

Na zamani ma haka. Tadao Ando a Japan ya yi wata ƙaramar coci a 1989, akwatin kankare ne kawai, sai ya tsaga bangon gaba da siffar gicciye, ba abin da aka rataya, rana ce take zana shi kullum. A birnin Dhaka na Bangaladash wata mai tsara gini Marina Tabassum ta yi masallacin Baitur Rauf da jan bulo, babu ƙubba babu hasumiya, tsaga ɗaya ce ta haske a bango take nuna alƙibla, sai ƙananan huji a rufi da suke zubo ɗigon rana a ƙasa suna matsawa yadda yini yake tafiya. Ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 2016.

Kenan dole sai an kashe maƙudan kuɗi kafin wuri ya taɓa zuciya?

A'a sam. Masallacin Annabi na farko da tubalin ƙasa aka yi shi, ginshiƙansa kututturen dabino, rufinsa ganyen dabino. Babban masallacin Djenne a Mali, wanda ginin yanzu na 1907 ne, laka ce zalla, kuma duk shekara mutanen gari suke fitowa gaba ɗaya su yi masa yaɓe, itatuwan giginyar da suka tsattsago daga bangon su ne matakalar masu yaɓen kuma su ne adonsa. A Amurka akwai wata ƙungiyar Kirista da ake kira Shakers, sun isa can a 1774, kujeru da akwatunan da suke yi ba ado ko ɗaya amma an daidaita komai tsaf, don a wajensu aikin hannu ibada ne, ha'inci a inda ido ba ya gani kuma zunubi ne.

Gaskiya abin da ya fi ɓata min rai shi ne ginin ibada da aka yi don a ce wane ne ya gina. Zaka ga tayil kala biyar, fitilu masu walƙiya, agogo ko'ina, sunan mai kuɗin ya fi ayar girma, amma iska ba ta shiga, sahun baya ba sa jin liman, tsoho mai sanda ba shi da ta inda zai hau. Wanda ya tsara wa tsohon nan hanya ya fi kusa da manufar wurin nesa ba kusa ba.

Na ga bidiyon masu addinin Buddha suna zane da yashi kwana da kwanaki, suna gamawa su share. Meye amfanin wahalar?

Sharewar tana cikin aikin. Malaman Tibet ne, suna zuba yashi mai kala ta wani siririn bututun ƙarfe har zanen ya cika, sannan su tattare shi su zuba a ruwa mai gudu, darasin shi ne komai mai ƙarewa ne kuma kar zuciya ta maƙale wa abin da hannu ya yi. A Japan ma wurin bautar Ise duk shekara 20 ake sake gina shi sabo a filin da yake gefensa, na 62 aka yi a 2013, kuma ta haka ne sana'ar sassaƙar take wucewa daga tsofaffin kafintoci zuwa yara ba ta mutu ba. Ba sai ka yarda da aƙidarsu ba kafin ka ga abin lura a ciki.

Zanen zamani fa, irin wanda ba ka gane komai sai kala da layi, shi ma da ruhi a ciki?

Waɗanda suka fara shi dai abin da suke nema kenan, da bakinsu suka faɗa. Kandinsky, mai zane ɗan Rasha, ya fitar da ɗan littafi a 1911 kacokan a kan wannan, yana ganin kala tana taɓa rai kai tsaye yadda sauti yake yi ba sai ta bi ta hoton wani abu ba. Kafin shi ma akwai Hilma af Klint a Suwidin, ta fara irin wannan zane a 1906, ita tana cikin masu zaman neman magana da ruhohi kuma ta ce umarni aka ba ta, ta rasu a 1944 ta bar wasiyya kar a nuna aikin sai bayan shekara 20. Da gidan adana zane na Guggenheim a New York ya baje shi a 2018 mutum sama da 600,000 suka je kallo. A Houston ta Amurka kuma akwai ɗakin Rothko da aka buɗe a 1971, manyan alluna 14 masu duhun kala na mai zane Mark Rothko, mutane na kowane addini suna shiga su zauna shiru.

Sai dai ina so a rarrabe abu biyu. Tsikar jiki ta tashi ko hawaye ya zo maka a gaban zane, wannan yana nuna zuciyarka tana da rai, kuma abu ne mai kyau. Amma shi kaɗai bai zama ibada ba sai an san wa aka nufa da shi, kuma sai ya canza yadda kake mu'amala da mutane bayan ka fito.

Dole ne mai zanen ya zama mutumin kirki ko mai addini kafin aikinsa ya yi tasiri?

Tarihi bai nuna haka ba. Matisse, mai zane ɗan Faransa, ba mai zuwa coci ba ne amma ƙaramar cocin da ya tsara a garin Vence na Faransa, aka buɗe a 1951, shi da kansa ya ɗauke ta a matsayin ƙololuwar aikinsa. Tasirin aiki a kan mai kallo daban, ladan mai aikin kuma yana ga niyyarsa, wannan tsakaninsa da Allah ne.

In aka ɗauke kayan ibada aka kai gidan tarihi, ya rasa abin da yake ɗauke da shi?

Ya rasa wani abu babba, eh. A gidan tarihi na Metropolitan a New York akwai wani mihirabi na tayil shuɗi daga wata makaranta a Isfahan, aikin wajen 1354, kyakkyawa na ƙarshe, an adana shi da kyau kuma miliyoyin mutane sun san shi ta dalilin haka. Amma an yi shi ne don liman ya tsaya a gabansa sahu ya miƙe a bayansa, yanzu kuwa shi ake fuskanta ana ɗaukarsa hoto. Kasuwa ta fi wannan muni ma, hoton Almasihu da ake dangantawa ga Leonardo da Vinci an sayar da shi dala miliyan 450 a 2017, tun daga ranar kuma hirar kuɗin ake yi da gardamar ko shi ya zana, abin da aka zana ɗin ba mai tada maganarsa.

Ni dizayin nake yi a kwamfuta, tambarin kamfani da fosta da talla. Ina ruwana da duk wannan?

'Yar'uwa ko ɗan'uwa, ruwanka ne tsundum, don kayan aikinku ɗaya da su Sinan: girma da ƙanƙanta, kala, fili, inda ido zai fara sauka. Bambancin kawai me ake yi da hankalin mutum bayan an kama shi. Yau akwai ƙwararru da aikinsu shi ne su tsara manhajar waya yadda ba za ka iya ajiye ta ba, jan ɗigon nan na sanarwa da shafin da ba ya ƙarewa duk da gangan aka yi su, ilimi ɗaya ne da na mai tsara masallaci aka juya shi ya koma watsa hankali. Toh kai ma kullum kana wannan zaɓin ko a ƙaramin aiki. Kar ka ɓoye sharaɗi a ƙananan haruffa don kar a gani, kar ka gyara hoton kaya ya fi yadda yake a zahiri, ka sa rubutu yadda mai raunin ido zai iya karantawa. In aiki ya haɗa da aya ko sunan Allah ka tambayi kanka ina takardar nan za ta ƙare bayan taro, kuma don Allah a daina murɗe haruffan aya ana cusa su cikin siffar da ba mai iya karantawa, ko manhaja ta wargaza haruffan Larabci a buga haka nan ba a duba ba. A samu wanda ya iya ya duba kafin a kai wajen bugawa.

Ina so na fara koyo, ta ina zan fara?

Sayi kamfas da rula da fensir, shi kenan jarin. Zana da'ira ɗaya, kar ka taɓa buɗin kamfas ɗin, ɗora tsininsa a kan layin da'irar ka zana wata, sannan ka koma inda suka haɗu ka sake zana wata, haka haka, zaka ga guda 6 sun zagaye ta farkon cif ba ragi ba ƙari. Haɗa mahaɗan da rula ka samu siffa mai gefe 6, daga ita tauraro mai kusurwa 6 da mai 12 suke fitowa. Mai kusurwa 8 kuma murabba'i biyu ne aka ɗora ɗaya kan ɗaya aka juya na saman digiri 45. Ka yi da hannu tukuna kafin ka koma kwamfuta, domin kuskuren rabin milimita a da'irar farko sai ya fito ɓaro-ɓaro a ta goma, kuma wannan ne yake koya wa mutum nutsuwa. In rubutu ne ya fi jan ka, nemi malami ka zauna gabansa, har yau a Turkiyya da wasu ƙasashen sai ɗalibi ya yi shekaru yana kwaikwayon layin malaminsa kafin a ba shi ijaza ya fara sa hannu a aikinsa.